Ungulu da Zango: Tarihin Maƙwabtakar da Ke Neman Yankewa a Birnin Akra

A shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wadda aka fi sani da IUCN, ta sabunta kundin da take lissafa halittun da ke cikin haɗari, ta ɗaga ungulu zuwa matakin da daga shi sai ɓacewa. Shekaru biyar kacal kafin wannan lokaci, sunan ungulu yana cikin jerin tsuntsayen da babu wata fargaba a kansu. Ga mutumin Afirka ta Yamma wannan labari ne mai wuyar gaskatawa, domin ungulu tsuntsuwar gari ce, wadda aka saba gani a kan rufin kwata da bakin juji da rassan rimin kasuwa, har ta kai ba a ɗaga kai a dube ta. A Akra, babban birnin ƙasar Ghana, inda a da take cika sararin sama da jewa, yau mutum yana iya yin kwanaki bai sa ta a ido ba. Tarihin yawaitarta da na raguwarta a wannan birni yana tafiya tare da tarihin unguwannin zango, irin su Sabon Zango da Nima da Mamobi. Sana'o'in da suka kafa waɗannan unguwanni, wato fatauci da kiwo da fawa, suna cikin manyan abubuwan da suka ciyar da ita, kuma a wurin masu su ne za a nemi wani ɓangare na maganin halin da ta shiga.

Daga Gwanja zuwa bakin teku

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayari yake sauka ya kwana, da kuma tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. A ƙarni na 19 fataken ƙasar Hausa sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Suna kai tufafin rini da kanwa da jemammun fatu da dabbobi, har da bayi, su komo da goron da ake kawowa daga dazuzzukan Tonawa, wato mutanen Asante. Kowane ayari yana da madugunsa, kowane zango kuma yana da mai masauki da dillalai da mahauta.

Abubuwa biyu ne suka karya wannan tsari. A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan ƙasashen arewa ya yi rauni, goro ya sauya hanya. A cikin rundunonin da suka yi wannan yaƙi akwai ta Kyaftin Glover, wadda ta ƙunshi sojojin da aka kira Hausawa, waɗanda aka ɗebo daga Legas, da yawansu kuma suka zauna a bakin teku bayan an sallame su. Sa'an nan a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga, garin ya watse, malamai da 'yan kasuwa suka bazu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete-Krachi inda ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu suka nufi Kintampo da Atebubu da Kumasi, wasu kuma suka gangara har Akra, wadda tsofaffin fatake suke kira Ankara, wadda Turawa suka mayar da ita hedikwatar Gwalkwas tun 1877.

A tsakiyar Akra ne Malam Naino ya kafa zangon farko wajen 1881. Da wurin ya cika, aka kuma sha fama da annobar da ɓeraye ke yaɗawa a 1908, wadda ta sa hukuma ta rushe gidaje da dama a tsohon gari, ɗansa Malam Baƙo ya ja jama'arsa zuwa yamma ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Nima kuwa ta zo daga baya. Wajen 1931 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga, domin ya riƙa tsare shanunsa a can kafin a shigar da su gari a yanka. Wasu suna danganta sunan unguwar da kalmar ni'ima, wasu kuma suna cewa daga harshen Ga ya fito. Girgizar ƙasar da ta auka wa Akra a watan Yuni na 1939, da ayyukan barikokin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da komowar sojoji bayan 1945, duk sun tura jama'a zuwa Nima da maƙwabciyarta Mamobi. Mazaunan sun haɗa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dagomba da Mosi da Kotokoli da Wangarawa da Yarbawa, amma Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su. Tasirinta ya kai har cikin bakin sauran mutanen Ghana, waɗanda suke cin koko da ƙosai da tuwo mai zafi da sunayensu na Hausa, suke kuma kiran wani babban gari da ke yamma da Akra da sunan Kasoa, wato kasuwa.

Shanu da fawa da mai share fage

Kudancin Ghana ƙasar kurmi ce mai ƙudan tsando, ba ta riƙe shanu da yawa, don haka naman da Akra take ci daga arewa ake koro shi, daga ƙasashen Dagomba da Mosi har zuwa kwarin Kwara. Mutanen zango ne suka riƙe wannan sana'a tun daga kara har zuwa teburin mahauci, kuma sarautar Sarkin Fawa ta zama ɗaya daga cikin muƙaman da ake ji da su a tsakanin Musulmin birnin. Inda duk aka yi yanka a fili, kamar yadda aka daɗe ana yi a tsohuwar mayanka ta Jamestown da ƙananan kwatoci na cikin unguwanni, akwai jini da tumbi da guntayen fata da ƙashi, akwai kuma mai jiran a watsar.

Ungulun da ake magana a kanta ita ce ƙaramar nan mai siririn baki da sanƙon kai, wadda masana suke kira Necrosyrtes monachus. Nauyinta ba ya wuce kilo biyu zuwa biyu da rabi, faɗin fikafikanta kuma ya kan haura mita ɗaya da rabi. Ta bambanta da maiki da sauran manyan danginta, waɗanda suke zaune a daji suna bin mushen manyan dabbobi. A kudancin Afirka ita ma tsuntsuwar daji ce mai gudun mutane, amma a Afirka ta Yamma ta zaɓi zaman gari, tana tafiya a ƙasa tsakanin ƙafafun mahauta kamar kaza. Siririn bakinta yana ba ta damar tsince naman da ya maƙale a tsakanin ƙasusuwa, cikinta kuma yana da tsami mai ƙarfin da yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, har da irin waɗanda suke hallaka dabbar da ta ci.

Amfanin wannan aiki ya fi bayyana a unguwannin da hukuma ta yi wa riƙon sakainar kashi. Nima ta girma a wajen iyakar hukumar birni har zuwa farkon shekarun 1950, ba tare da tsarin tituna ko magudanan ruwa ko kwasar shara ba, kuma babbar lambatun da ta ratsa tsakaninta da Mamobi ta daɗe tana zaman juji. A irin wannan wuri, mataccen kare ko akuya ko kayan cikin da aka zubar suna iya kwana suna ruɓewa in ba don tsuntsuwar da take sauka ta cinye su kafin rana ta yi tsaka ba. Ba a taɓa rubuta ta a littafin albashin ma'aikatan tsafta ba, amma ta yi musu kaso mai yawa na aikinsu.

Duk da haka, Bahaushe bai ba ta girma ba. Ya ɗauke ta alamar ƙazanta da kwaɗayi, ba ya cin namanta, kuma in ya ce an yi wa wani ungulu da kan zabo, yana nufin an lulluɓe masa mugun abu da kyakkyawar fuska an yaudare shi. Amma ya shaide ta da sanin abin da take yi, shi ya sa yake cewa ungulu ba ta jewar banza. Wannan ƙyama ita ce ta zama mata garkuwa shekaru aru-aru, domin abin da ba a ci, ba a kuma sha'awar taɓawa, babu mai ɗana masa tarko.

Dokar da ta tafi daji ta bar gari

Abin mamaki shi ne ungulu tana cikin halittun farko da aka rubuta dokar kare su a nahiyar Afirka. A watan Mayu na 1900 wakilan Ingila da Faransa da Jamus da Italiya da Fotugal da Sifen da ƙasar Kwango ta Sarki Leopold suka sa hannu a Landan kan wata yarjejeniya ta kiyaye namun daji da tsuntsaye da kifayen Afirka. A jerin farko na yarjejeniyar, na halittun da aka hana kashewa saboda amfaninsu, ungulaye ne a sahun gaba, tare da mujiya da carki. A wani jerin kuma aka lissafa waɗanda aka ɗauka masu ɓarna ne, aka so a rage yawansu, cikinsu har da zaki da damisa da kura da kada. Yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba, domin ba duk ƙasashen suka tabbatar da ita ba, amma Ingila ta ɗauki ƙa'idojinta ta zuba a dokokin farauta na ƙasashen da take mulka.

A 1933 aka sake wata yarjejeniyar a Landan, wadda ta karkata ga keɓe manyan gandayen daji inda za a raba dabba da mutum. Wannan tunani ne ya zama ginshiƙin aikin kare namun daji a Ghana bayan samun 'yanci a 1957. A 1958 aka keɓe dajin Mole da ke arewa, a 1961 aka yi dokar kiyaye namun daji, a 1971 kuma aka ɗaga Mole ya zama gandun daji na ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 4,500, aka kuma fitar da ƙa'idojin da suka hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara, lokacin da dabbobi suke haihuwa. A 1976 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a Ghana.

Wannan tsari ya ceci giwayen Mole, amma bai hana asara ba. A shekarar 2000 masana suka bayyana cewa wani jan biri na kurmin yammacin Ghana da gabashin Kwaddibuwa, wanda aka sa wa sunan Miss Waldron, mai yiwuwa ya ƙare. Binciken da aka yi da na'urorin ɗaukar hoto a Mole tsakanin 2006 da 2009 bai kama zaki ko ɗaya ba, kuma wani ƙiyasi da aka wallafa a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya kimanin 400 ne, a wurare huɗu kawai, biyu daga ciki a Nijeriya, wato Yankari da Kainji. Aku mai jan wutsiya, wanda fatake suka daɗe suna kaiwa arewa, wani nazari na 2016 ya gano Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 nasa tun daga 1992, saboda kamu don sayarwa da sare manyan itatuwa. In har waɗanda aka zuba wa masu gadi sun shiga wannan hali, to, ina ga tsuntsuwar da take kwana a bayan kasuwa, inda babu shinge kuma babu mai gadi? Hankalin hukuma ya tafi daji, ungulu kuwa tana cikin gari, kowa yana ganin yawanta ya isa ya kare ta.

Yadda aka farga

Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, shi ne ya fara kawo hujja mai lamba. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi dubban kilomitoci na hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidaya tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe, sa'an nan ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye irin su maiki sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen daji, ungulun gari kuma ta ragu da kusan rabi. A 2011 IUCN ta shigar da ita sahun halittun da ke cikin haɗari. A 2015 Darcy Ogada da abokan aikinta suka tattara bayanai daga sassan nahiyar, suka nuna nau'o'in ungulu takwas sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a shekaru 30. Daga cikin mace-macen ungulu kusan 8,000 da aka rubuta, guba ce ta jawo kashi 61, cinikin sassan jiki don magani da tsafi ya jawo kashi 29, wayoyi da turakun lantarki kuma kashi 9.

A Akra kanta, harabar Jami'ar Ghana da ke Legon, 'yan kilomitoci arewa da Nima, ta kasance matattarar ɗaruruwan ungulaye masu kwana a dogayen itatuwanta. Francis Gbogbo da abokan aikinsa na wannan jami'a sun bi diddigin lamarin, kuma a 2016 suka wallafa cewa adadin ya faɗi ƙwarai. Mutanen da suka zanta da su sun ambaci kisa don ci a ɓoye, da magani, da tsafi, a cikin wani ciniki na sirri da ake zaton yana ƙetare iyakar ƙasa. A wuraren da ungulu ta saba sauka, hankaka ne ya fi yawa yanzu.

Abin da ya cinye ta

Babban dalili a Afirka ta Yamma shi ne kasuwa. Akwai masu imanin cewa tsuntsuwar da take hango mushe daga nesa tana iya buɗe wa mutum ido ya ga abin da ke ɓoye, don haka ake neman kanta da ƙwaƙwalwarta da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta don neman sa'a a ciniki ko caca ko takara, da kuma maganin taɓin hankali da farfaɗiya. Babu wata shaida ta likitanci da ta tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Imanin kuma bai taƙaita ga ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba. Wani nazari da Ralph Buij da abokansa suka wallafa a 2016, wanda ya tattara bayanan kasuwanni 67 a ƙasashe 12, ya nuna kashi 73 cikin 100 na gawarwakin ungulaye da sauran tsuntsaye masu farauta da aka gani a kasuwa a Nijeriya suke, kashi 21 kuma a Jamhuriyar Benin. Binciken da aka yi a kasuwannin arewacin Nijeriya ya gano ungulun gari ce aka fi sayarwa a wurin masu kayan magani. A Akra ma, sashen masu kayan gargajiya na kasuwar katako ya shahara da sayar da busassun sassan dabbobi.

Da ungulu ta yi ƙaranci a Nijeriya, sai farashinta ya tashi, masu nema suka fara ƙetare iyaka. Hanyoyin da goro da shanu suka bi, da motocin da suke zirga-zirga tsakanin Akra da Lome da Kwatano da Legas da Kano, suna iya ɗaukar buhun busassun kawuna kamar yadda suke ɗaukar kowane kaya. Sabon da ta yi da mutane shi ne ya zama ajalinta, domin mai neman ta ba ya bukatar bindiga. Ya isa ya barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan guntun nama ya ajiye a bayan kwata, garke guda ya faɗi. Mafi munin misali ya faru a Gini Bisau daga ƙarshen 2019 zuwa watannin farko na 2020, inda aka kashe ungulaye fiye da 2,000 da guba a yankunan Bafata da Gabu, aka tarar da yawansu an yanke musu kai.

Dalili na biyu shi ne sauyin birni. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Babban Akra yana da mutane fiye da miliyan 5, kuma gine-gine sun cinye filayen da suke da rimi da kuka da maɗaci, alhali ungulu ba ta sheƙa sai a ƙololuwar doguwar itaciya. Abincinta ma ya ragu. A shekarun 1990 aka gina mayankai na zamani masu rufi a Kumasi da kusa da Tema, kasuwar shanu ta koma bayan gari wajen Ashaiman, kayan cikin da a da ake zubarwa yanzu kuɗi ne, sharar gida kuma a ƙulle take fita cikin baƙar leda. Kyautata tsafta alheri ne ga jama'a, babu mai jayayya, sai dai an yi shi ba tare da an tuna da wadda take rayuwa a kan ragowar ba.

Dalili na uku yana cikin halittarta. Ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, sa'an nan ya ƙara wasu watanni yana dogaro da iyayensa, kuma sai ya shekara da dama kafin shi ma ya hayayyafa. Kaza tana iya mayar da asarar shekara a wata biyu, amma garken ungulu da aka kashe da safe ɗaya yana iya ɗaukar shekaru goma bai dawo ba.

Darasi daga Indiya

Wanda yake son sanin abin da kan biyo bayan ɓacewar ungulu sai ya dubi Indiya. A farkon shekarun 1990 ƙasar tana da miliyoyin manyan ungulaye masu cinye mushen shanu. Sai makiyaya suka fara yi wa dabbobi allurar diclofenac, maganin ciwon jiki mai arha, wanda yake lalata ƙodar duk ungulun da ta ci naman dabbar da aka yi wa. Tsakanin 1992 da 2007 nau'i ɗaya ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. Sai a 2004 aka gano dalilin, a 2006 kuma Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi maganin. Kafin nan mushe ya taru yana ruɓewa a bakin ruwa, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a binciken da suka wallafa a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Nau'in tsuntsun ya bambanta da na Akra, musabbabin ma daban ne, amma gurbin da aka bari iri ɗaya ne, kuma masu cika shi su ne kare da ɓera da ƙuda, waɗanda suke shiga har cikin ɗaki. Unguwanni masu cunkoso da ƙarancin magudanan ruwa su ne suke fara ɗanɗana kuɗarsa.

Abin da ya rage a hannu

A watan Oktoba na 2017, a taron da aka yi a Manila, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare halittu masu ƙaura suka amince da wani shiri na shekaru 12 don ceto nau'o'in ungulu 15 a ƙasashe 128 na Afirka da Turai da Asiya. Asabar ta farko a watan Satumba na kowace shekara an keɓe ta don wayar da kai game da ungulu, kuma Ƙungiyar Namun Daji ta Ghana tana cikin masu raya wannan rana da ƙidaya da faɗakarwa. A Nijeriya, gidauniyar kare muhalli ta NCF ta zauna da shugabannin masu maganin gargajiya, aka nemi itatuwa da saiwoyin da za su maye gurbin sassan ungulu a haɗe-haɗensu. Amma nazarin da aka wallafa a farkon 2024 kan nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe a Afirka ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna raguwa, raguwar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma, kuma ta fi muni a wajen gandayen daji.

Wannan sakamako na ƙarshe shi ne ya mayar da magana kan zango. Tsuntsuwar da take zaune a cikin gari ba ta da gandun da za a kai ta, sai dai maƙwabtanta su tsare ta. Unguwannin zango kuwa suna da tsarin da ya girmi ma'aikatun gwamnati: sarakunan zango da na ƙabilu, da limamai, da Sarkin Fawa da 'yan majalisarsa, da shugabannin kasuwa da na tashar mota, da ƙungiyoyin matasa. Mahauci ya fi kowa sanin baƙon da yake yawo a bayan kwata da ƙunshin nama ba don saye ba. Direban doguwar hanya da ɗan kamasho sun san abin da ake lodawa. Mai maganin gargajiya shi ne yake iya gaya wa mai nema cewa kan ungulu ba ya kawo ciniki. Harshen Hausa, da yake ana jin sa daga Nima har Zinder, yana iya kai saƙo duk inda buhun kawunan yake zuwa. Abubuwan da ake bukata kuma ba su fi ƙarfin unguwa ba: a bar dogayen itatuwan da suka rage a maƙabartu da makarantu da harabar masallatai, a keɓe wuri mai tsaro kusa da mayanka inda za a riƙa ajiye mata ragowar da ba ta da guba, a kuma kai rahoton duk wanda aka kama yana sa mata magani.

Akwai kuma asarar da ta shafi harshe kai tsaye. Karin magana yana rayuwa ne muddin mai sauraro ya san abin da aka kwatanta. Yaron da aka haifa a Mamobi bayan shekarar 2010 yana iya jin kakarsa tana cewa ungulu ba ta jewar banza, alhali bai taɓa ganin jewar ba, sai malami ya buɗe masa hoto a waya ya yi masa bayani, kamar yadda ake yi wa ɗaliban yau bayanin madugu da ayari. Hausawa suna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya idan mutum ya komo halinsa na da. A Akra ta yau, komowar tana bukatar a sami tsamiyar a tsaye, a kuma sami ungulun da ta rage da rai, kuma duka biyun suna hannun mutanen da suka yi fiye da shekara ɗari suna maƙwabtaka da ita.